An Sallame Mu Daga Ɗakin Gwaji, An Ce Laifin Mai Ƙorafin Kwangila Ne

Baban Walida (Samaru):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya kai ni maƙura. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike ta gwamnati, ba zan kama suna ba. Ni ba dakta ba ne, difloma gare ni. Aikina wanke kwalabe, auna samfur, liƙa masa lamba, da duba injinan sanyi safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Duk wata shida ake sabunta mana takarda. Ranar Alhamis da ta wuce aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya, aka ce mu ajiye makulli da farar riga, sai yadda hali ya yi.

Dalili biyu aka ba mu. Na farko, kuɗin da ake biyan mu da shi daga wani tallafi na ƙasar waje yake zuwa, kuma ya tsaya. Na biyu, kwangilar sa sola da batura a ɗakinmu ta maƙale wata takwas, saboda wani ɗan kwangila da bai samu ba ya kai ƙorafi. Babu wuta, babu aiki. Babu aiki, me za a riƙe mu a yi da mu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne samfuran. Akwai daren da janareta ya mutu, na je na sayo ƙanƙara da kuɗina, na jera kwalaben a kula guda biyu, na ɗaure a bayan babur na kai su wani gini da ke da wuta. Sawu uku na yi, ana yayyafi. Littafin da nake rubuta sanyin injin a ciki yana nan a kan teburi, shafi bayan shafi duk hannuna ne. Yanzu ban san wanda zai buɗe shi gobe da safe ba. Tambayata ga masana: wannan mai ƙorafin bai ɗauki alhakinmu ba kuwa? Kuma muna da wani haƙƙi ko mu haƙura?

Shugaban zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baban Walida. Roƙona ga kowa, kar wanda ya fara kintace yana kiran sunan cibiya ko na wani jami'i. Duk wanda ya yi zan goge. A yi magana a kan lamarin.

Maman Khalifa (Hayin Dogo):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, sannu. Ni abinci nake sayarwa a bakin ƙofar wata ma'aikata irin taku, kuma wallahi a tukunyata nake gane an rage mutane. Da tiya huɗu nake dafawa ta ƙare kafin azahar, yanzu biyu ma sai in dawo da saura. Littafin bashina cike yake da sunayen waɗanda aka sallama, kuma ba ni da fuskar bin su, don na san gidajensu. Shi wannan mai ƙorafin ya ji tsoron Allah. Bai samu ba, sai ya hana kowa?

Alhaji na Sabon Gari:
Hajiya, a yi mini afuwa, amma dole in yi magana, don sana'ata ce ake zagi. Ba ni ne mai ƙorafin ba, ban ma san aikin ba. Sai dai na taɓa kai ƙorafi sau ɗaya a rayuwata, kuma ban yi nadama ba.

Kun san abin da mutum yake kashewa kafin ya jefa takardarsa a akwati? Shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar hukumar fansho, ta asusun horar da ma'aikata (ITF), ta asusun inshorar ma'aikata (NSITF), rajista da hukumar kula da kwangilolin gwamnati (BPP), wasiƙar banki, rantsuwar kotu. Kowace da kuɗinta, kuma yawancinsu duk shekara sai an sabunta. Ka haɗa duk wannan, ka je ranar buɗe akwati, a karanta farashin kowa a bainar jama'a, ka ji da kunnenka naka ya fi sauƙi kuma takardunka sun cika. Bayan wata biyu sai ka ji an ba wani kamfani da ko ofis ba shi da shi, mai shi kuma kowa ya san ɗan'uwan wane ne. In ka yi shiru, gobe ma haka za a yi. Kuma irin wannan kamfanin shi ne zai kawo batir ɗan gwanjo ya goge shi ya ce sabo ne, bayan wata shida ya mutu, Baban Walida ya koma sayen ƙanƙara. Ana barin jaki ana dukan taiki.

Matashin Gyallesu:
Ni fa ku yi haƙuri, tambaya zan yi. Duk waɗannan cibiyoyin da suka cika Zariya, me suka tsinana mana? Tun ina yaro nake ganin allunansu a hanyar Sakkwato da hanyar Basawa. Kuɗi ake zubawa, takardu ake rubutawa ana ajiyewa a kabad. In an rage ma'aikata, wataƙila dama sun yi yawa ne.

Ɗan Giwa:
Ƙanena, da alama ba ka noma. Zo gonata in nuna maka. Masarar da nake shukawa SAMMAZ ce, waken SAMPEA, gyaɗar SAMNUT. Wannan SAM ɗin da ka ji a farkon sunan, Samaru ke nan. Waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar a ƙarshen 2019, tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin sa. Da sai mu yi feshi sau shida har takwas, yanzu sau biyu ya wadatar. Ka lissafa kuɗin magani, ka lissafa gubar da muke shaƙa a rana. Matata kuma kajin Shika Brown take kiwo, daga Shika aka samar da su. Wannan ba a kabad yake ba, a rumbuna yake.

Baba Mai Ritaya (Ƙofar Doka):
Ɗana na Gyallesu, ban ga laifinka ba, don ba a taɓa zaunar da ku an gaya muku ba. Binciken noma a Samaru tun 1922 aka fara shi, shekara arba'in kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A garin nan kuma na'urar binciken nukiliya ɗaya tak da Najeriya ta mallaka take, a cibiyar binciken makamashi, tun 2004 take aiki. Ga ta sinadarai a Basawa, ga ta fata da ƙirgi. Babu gari a Arewa da ya tara irin wannan.

Amma abin da nake so in faɗa ya shafi Baban Walida ne kai tsaye. Na yi shekara talatin da biyar a wannan harka, kuma na ga lokacin da abin ya fara karkacewa. Da can mai shara, direba, mai gadi, leburan gona, mai wanke kwalabe, duk ma'aikatan gwamnati ne masu lamba da fansho. Zamanin Obasanjo, daga 2003, aka kawo tsarin mayar da alawus kuɗi, aka ce irin waɗannan ƙananan ayyuka a miƙa su ga kamfanoni. Mutane da yawa suka tafi a lokacin. To amma aikin bai tafi ba, yana nan. Sai aka koma ɗaukar mutane a wucin gadi, ana biyan su daga kuɗin wani shiri ko wani tallafi. Shirin ya ƙare, mutum ya ƙare.

Kuma mutane suna ɗauka wannan aikin kowa ma zai iya. Ba haka ba ne. Na san wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma shi ake nema in za a haɗa irin dawa. Da sassafe zai shiga gona kafin bununi ya zube, da ɗan hantsaki a hannu, ya cire abin da zai cire daga cikin fure ɗaya ɗaya ba tare da ya ji wa zangarniyar rauni ba, ya rufa mata jakar takarda, ya ɗaure. Masu digiri suna tsaye a bayansa suna kallo. Kafin a fitar da iri ɗaya ga manomi ana iya yin damina takwas ko goma ana zaɓe ana gwaji. In aka sallami irin wannan hannun a tsakiya, ko aka bar ɗakin ajiyar iri ya yi zafi, ba wata ɗaya aka yi asara ba. Shekaru ne suka zube, kuma babu ofishin da zai rubuta hakan a rahotonsa.

Matashin Gyallesu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓi gyara, ban san da yawa daga cikin wannan ba. Amma har yanzu ina ganin su ma suna da laifi da ba sa fitowa su nuna wa jama'a aikinsu.

Barista (Tudun Wada):
Salamu alaikum. Yanzu na gama karanta komai. Bari in ɗauki maganar ƙorafi tukuna, don a nan aka fi samun ruɗani.

Dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta gwamnatin tarayya ta 2007, a sashe na 54, ta ba wanda ya nemi kwangila damar ƙorafi, kuma ta ƙayyade wa kowane mataki lokaci. Yana da kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin ya kai kuka ga shugaban ma'aikatar. Shi shugaban yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa a rubuce. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, mai ƙorafi yana da kwanakin aiki 10 ya wuce hukumar BPP a Abuja. Da zarar ƙorafi ya isa can, hukumar za ta dakatar da duk wani mataki a kan kwangilar, sannan ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21. Wanda bai yarda ba yana da kwana 30 ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

Ku haɗa: 15 da 15 da 10 da 21, kwanakin aiki 61 ke nan, wato kusan wata uku, in kowa ya cinye lokacinsa har ƙarshe. Baban Walida ya ce wata takwas. To ina sauran wata biyar suka shiga? Ko dai magana ta je kotu, wanda kowa zai iya zuwa ya bincika, ko kuma an riga an yanke hukunci an ce a sake tantancewa wani ya danne fayil, ko kuma dama kuɗin aikin ba a sake shi ba, ƙorafin ya zama abin fakewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Baban Walida (Samaru):
Barista, wallahi ba mu taɓa jin an ce an je kotu ba. Kullum abin da ake ce mana shi ne magana tana Abuja.

Malama Mai Bincike:
Ina neman izini in sa baki, don ni ina cikin waɗanda ake kira manya a irin waɗannan wurare, ko da yake ba a cibiyar Baban Walida nake ba. Ba na kare kowa, amma akwai abin da ba a gani daga waje.

Kasafin kuɗi zai fito a takarda, a ce an ware wa cibiya kaza na manyan ayyuka. Abin da ake saki daban. Shi ya sa aka yi ta tsawaita kasafin manyan ayyuka na 2024 har cikin 2025, kuma kun ga 'yan kwangilar cikin gida sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja a 2025 kan ayyukan da suka gama ba a biya su ba. Ga maganar dala. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Sinadaranmu, batura, kayan gyaran inji, duk daga waje suke zuwa. Kwangilar da aka yi wa farashi kafin Yunin 2023, a 2024 kuɗin bai isa sayen rabin kayan ba. Sai wuta: a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, naira 225 kowane ma'auni, ya ninka fiye da sau uku. Injin da ke riƙe samfur a sanyi mai tsanani ba a kashe shi ko minti ɗaya. A kan wannan kuma gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a 2025, shirye-shiryen noma da lafiya da yawa suka tsaya cak a tsakiya.

Ni da kaina na zauna na rubuta sunayen mutane huɗu da suka yi aiki a ƙarƙashina na miƙa. Ɗaya daga cikinsu ita ta koya mini yadda ake saita ma'aunin ɗakinmu lokacin da na zo sabuwa. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ba ina faɗa don a tausaya mini ba, ni albashina yana shiga. Ina faɗa ne don ku san cewa wanda ya miƙa maka takardar sallama sau da yawa ba shi ya yanke ba.

Alhaji na Sabon Gari:
Malama, na yarda da ke a kan kuɗi da dala, ni ma ya taɓa ni. Amma ki ba ni amsa ɗaya tsakani da Allah. Dala ce take zaɓar wanda za a ba kwangila? Rashin sakin kuɗi ne yake sa a tallata aiki a jarida bayan an riga an gama magana da mai shi a falo? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malama Mai Bincike:
Ba zan musa maka ba, Alhaji. Yana faruwa. Kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo a wurinmu: sau da yawa wanda zai yi amfani da na'urar ba a tambayarsa. Sai ka ga an sauke akwati a ƙofar ɗakin gwaji, ka buɗe ka ga ba ita ka nema ba, ko ta zo babu wanda aka koya wa sarrafa ta, ko babu kayan gyaranta a ƙasar nan. Akwai wadda na sani har yau tana cikin ledarta, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Amma ku ma 'yan kwangila akwai masu kai ƙorafi ba don gaskiya ba, sai don a kira su gefe a ba su wani abu su janye. Wannan ma ka sani.

Alhaji na Sabon Gari:
Na sani, kuma Allah wadai da su. Su suke ɓata mana suna.

Yaya Dakta (daga Amurka):
Gaisuwa ga iyayena da 'yan'uwa na gida. Baban Walida, Allah ya kawo mafita. Ina so ku san ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. Nan ma manyan ɗakunan bincike na gwamnati yawanci kwangilarsu ake bayarwa ga jami'a ko kamfani ya gudanar. Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, Jami'ar Kalifoniya ce ta riƙe shi daga 1943 har 2006 kafin a miƙa wa wata haɗaka bayan an buɗe takara. JPL mai ƙera na'urorin da hukumar sararin samaniya ta NASA ke turawa duniyar Mars, a Fabrairun 2024 ta sallami mutum wajen 530, a Nuwamba ta ƙara 325, saboda rashin tabbas a kan kasafin kuɗi.

Ƙorafin kwangila kuwa ruwan dare ne. Akwai ofishin binciken kuɗin gwamnati da ake kira GAO, doka ta ba shi kwana 100 ya yanke hukunci. A farkon 2013 aka ba da kwangilar gudanar da wasu masana'antun nukiliya biyu, Y-12 da Pantex, waɗanda suka faɗi suka yi ta ƙorafi, sabon kamfani bai karɓi aiki ba sai tsakiyar 2014. Abin lura a nan shi ne, duk tsawon wannan lokacin an ci gaba da tsawaita wa tsohon kamfanin wa'adi, ƙofa ba ta rufe ba, ma'aikata suna zuwa aiki. Manya suna shari'arsu a sama, aiki yana tafiya a ƙasa. Ba ina cewa nan aljanna ba ce, mutum yana iya zuwa da safe ya tarar katinsa ba ya buɗe ƙofa. Amma ba a barin injin sanyi ya mutu don ana jayayya a kan wa zai sa sola.

Maman Khalifa (Hayin Dogo):
To ai ni abin da ban gane ba ke nan. Ko a gida in ana rigimar wa zai gyara rufi, ai ana tara bokiti a inda yake yoyo kafin a gama. Ba za a iya sayen man janareta na wata uku ba? Alhaji, na janye maganata a kan mai ƙorafi, Allah ya yafe mini in na zalunce shi. Amma wani dai ya ɗauki alhakin mutanen nan.

Baba Mai Ritaya (Ƙofar Doka):
'Yata, kin taɓo inda yake ciwo. A kasafin cibiya akwai kuɗin albashi, akwai na manyan ayyuka, akwai na gudanarwa. Na gudanarwan shi ne mai, wuta, gyara, sinadarai, kuma shi ne kullum ɗan ƙarami, shi ne kuma yake zuwa a makare. An fi son sabon gini da za a yanka kirtani a ɗauki hoto a kan man da zai riƙe tsohon inji. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo tun 2003 cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafi ga noma, mu har yau ba mu kusanci wurin ba. Sannan ga rahoton Oronsaye na 2012 da ya ce a haɗe wasu hukumomi a soke wasu, aka ce a Fabrairun 2024 za a aiwatar. Tun daga lokacin kowane ƙaramin ma'aikaci a irin waɗannan wurare da ido ɗaya yake barci, alhali ba shi ya ƙirƙiro hukumomin barkatai ba.

Barista (Tudun Wada):
Bari in dawo kan tambayarka ta biyu, Baban Walida, wato haƙƙinka. Kar ka bari kalmar wucin gadi ta karya maka gwiwa.

Dokar ƙwadago a sashe na 7 ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye, sanarwar wata ɗaya ake ba shi, ko a biya shi a madadinta. Sashe na 20 kuma shi ne na rage ma'aikata: a sanar da ƙungiyar ƙwadago dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi iya ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama. Za su ce maka ai takardarka ta wata shida ce, ta ƙare ne kawai. Wannan ita ce hujjar da za a yi ta ja a kai, kuma ba zan yi maka alkawarin nasara ba. Amma mutumin da aka sabunta wa takarda sau ashirin da biyu a jere, a kan teburi ɗaya da aiki ɗaya, yana da abin faɗa a gaban Kotun Ma'aikata, kuma tana da reshe a Kaduna. Kafin kotu ma akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, ba a biyan ko sisi.

Abu biyu nake gargaɗinka. Kar ka sa hannu a kowace takarda da ta ce ka karɓi duk haƙƙinka sai wani ya karanta maka. Kuma kar ku yi jinkiri, don akwai wata tsohuwar doka mai ba jami'an gwamnati kariya bayan wata uku, lauyoyinsu suna yawan fakewa da ita. Ko kotu za ta karɓi hujjar ko ba za ta karɓa ba, gara kar a ba su ƙofar.

Game da kwangilar kuma, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardu, kuma kwana bakwai aka ba su su amsa. Wasiƙa ɗaya ta isa: yaushe aka kai ƙorafi, yaushe aka yanke hukunci, me aka yanke, nawa aka saki.

Ɗan Giwa:
In za a rubuta wasiƙar a sa sunana. Mu manoma abin ya shafe mu, ko da ba mu san wace cibiya ba ce. Duk shekara sai an kawo mana jabun iri a kasuwa an rina shi da jan kala, in wuraren da ke fitar da na gaskiya suka durƙushe mun shiga uku.

Matashin Gyallesu:
Ni zan iya buga wasiƙar a kwamfuta in fitar, shagona yana kusa da Kongo. Kyauta.

Malama Mai Bincike:
Baban Walida, wata shawara daga ni. Ka nemi shugaban sashenku ya rubuta maka takardar shaida tun yanzu da abin yake da ɗumi, ya lissafa na'urorin da ka iya sarrafawa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Kamfanonin iri da na abincin kaji da ɗakunan gwajin asibitoci masu zaman kansu a nan Zariya da Kaduna da Kano suna neman irin hannunka, amma takarda suke fara tambaya. Ka turo mini ta akwatin sirri in ka samu. Kuma samfuran nan, in akwai mai binciken da ke da su, ka kira shi yau ka gaya masa wane inji ne yake yawan tsayawa. Kai kaɗai ka san wannan.

Baban Walida (Samaru):
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Alhaji, ka yafe mini, da zafi na shigo kuma zuciyata ta riga ta kama mutum ɗaya. Har yanzu ban ce ba shi da laifi ba, don ban san niyyarsa ba, amma lissafin Barista ya tsaya mini a rai, wata biyar ɗin nan sai an gaya mana inda suka tafi.

Malama, na kira shi tun ɗazu da na ga saƙonki. Na gaya masa na kusa da taga ne, ƙofarsa ba ta kamawa sai an danna da gwiwa, kuma robar bakin ta tsage ta ƙasa. Ya ce zai je da kansa bayan la'asar.

Barista, na duba jakata. Takardun sabuntawa goma sha tara na samu, uku sun ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Amma ina da saƙonnin banki na albashi tun daga 2016, da katin shaida guda biyu. Sauran abokan aikina biyar sun ce za su zo, ɗaya ba ya karatu sai an karanta masa. Ranar Asabar da ƙarfe goma ya yi maka?

Barista (Tudun Wada):
Ya yi. Ku taho da asalin takardun da kwafi bibbiyu, har da ta ranar Alhamis in an ba ku a rubuce. In baki kawai aka faɗa muku, kowa ya zauna daren nan ya rubuta abin da aka ce masa, da wanda ya faɗa, da ƙarfe nawa. Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa ɗansa ya rubuta masa.